Ku Tambaya Mu Amsa: kilim ko imidi, gurub ko panno, littafi ko portabul?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da zafi. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duka maganarsu ɗaya ce, zafi da wuta da kuɗi, kuma ba abin mamaki ba ne tunda Afrilu muke ciki, duk wanda ya taɓa yin Afrilu da Mayu a Damagaram ya san ma'auni na wuce 40 kamar wasa, kwano ya ɗau zafi har bayan isha'i bai huce ba. Na ɗauki guda shida, wanda bai ga nashi ba ya yi haƙuri sai wani jiƙon. Masu turo min bokal na minti tara kuma dan Allah ku rage, rabin bokal ɗin gaisuwa ce da kukan akuya, tambayar sai can ƙarshe.

Tambaya ta farko daga wata uwargida, Garin Malam:

"Malam barka da aiki, dan Allah ka raba mu gardama ni da maigida. Mun ɗan tara kuɗi nace a sa min kilim a ɗaki saboda yara basa barci, ƙaramar duk ƙurajen zafi sun feso mata a wuya, shi kuma yace kilim ta masu kuɗi ce sai dai ya sayo imidi irin na maƙwabta mai shan ruwa, ni kuma gani nake rowa ce kawai yake min. Wanne yafi?"

Hajiya, ba zan shiga tsakanin mata da miji ba, amma wannan karon maigida yana da ɗan gaskiya, ke ma kina da taki. Bari in ba ki lissafin ki ajiye. Kilim irin wadda ake sa ma ɗakin kwana, mai doki ɗaya da rabi, tana jan wat 1100 zuwa 1200 duk lokacin da injinta ke aiki. Fanka ta tsaye wat 50 zuwa 60 take ci. Imidi na gida yana tsakiya, abin da bai wuce wat 100 zuwa 200 ba, tunda shi ba komai a cikinshi sai fanka da ɗan ƙaramin famfo mai jiƙa soson baya. Kin ga kenan kilim ɗaya tana cin abincin fanka ashirin. Kuɗin sayenta ba su ne matsalar ba, faktir ɗin ƙarshen wata ita ce matsalar, sannan in an ɗauke wuta ƙarfe ɗaya na dare kilim ɗin ta zama hoton bango, kuma ɗakin da kika toshe ko'ina saboda sanyi kar ya fita ya koma tanda.

To amma kar maigida ya yi saurin dariya. Imidi wuta kaɗan yake ci amma ruwa yake sha, kuma mu nan ruwa ba abin wasa ba ne. Garinmu a kan dutse yake zaune, shi ya sa tun da can daga nesa ake jawo mana ruwa, Gogo da Machaya, Arunguza, daga baya Ganaram, kuma lokacin da imidi ya fi daɗi shi ne dai lokacin da pampo ke yin kwana biyu uku bai zo ba 'yan garuwa kuma suka ƙara kuɗi. Babban imidi zai iya shanye jarka guda ta lita 25 a dare ɗaya in an sake mishi, to in sayen ruwan kuke sai ki lissafa jarka talatin a wata ki gani ko ba an sayar da kare an sayi biri ba. Har yanzu dai bai kai kuɗin kilim ba, amma ba kyauta ba ne kamar yadda masu sayarwa ke faɗi.

Abu na biyu, imidi na da lokacinshi. Sanyinshi daga bushewar iska yake fitowa, ruwa ya tashi ya bi iska ya tafi da zafi, irin dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Daga Maris zuwa farkon Yuni da iska ke bushe ƙamas yana aiki sosai, amma da damina ta zauna, wajen Agusta, iska ta riga ta ƙoshi da ruwa ba ta karɓar wani, sai ki ji ɗaki ya yi dumu-dumu jiki na danƙo katifa na warin sanyi. Lokacin sai a rufe famfon a bar shi fanka kawai. Kuma kuskuren da kusan kowa ke yi, ana kunna shi a rufe ƙofa da taga kamar kilim, a'a, shi so yake bayanshi na shaƙar iskar waje ta taga ko bakin ƙofa, a bar wani wurin kuma a buɗe iska ta fita. A riƙa zubar da ruwan tankin ana wankewa ko sau ɗaya a sati, in ba haka ba kin yi ma sauro gidan haya kyauta.

Ban sani ba ko ɗakinki na da silin. In kwano ne tsirara a kanku to ni da kuɗin nan silin zan fara sawa kafin kowane inji, dan duk abin da kika kunna a ƙarƙashin kwanon da ya wuni a rana faɗa yake da murhu. Ki shiga tsofaffin gidajen ƙasa na Birni da azahar ki ji, bango mai kauri da rufin azara, ba kilim ba komai amma mutum na iya yin ƙailula, mu ne muka zo da bulo da kwano muka sayo ma kanmu zafi da kuɗinmu. Shawarata dai: silin, sai imidi matsakaici, sai fanka mai caji ɗaya saboda daren da aka ɗauke wuta. Ƙurajen yarinya kuma in sun ƙi lafawa a kai ta likita, wannan ba fannina ba ne.

Ta biyu daga wani mai butik, Sabon Gari:

"Salam. Ina saida ƙanƙara da zoɓo da lemu mai sanyi. Bara na sa panno 2 da batir 1 babba mai 200 saboda firiza, ko wata 9 baiyi ba batir ɗin ya mutu, yanzu ko awa 2 baya kaiwa. Mai sayarwa yace laifina ne ni nace jabu ya bani har munyi faɗa. Yanzu abokina yace in manta da solar in sayi gurub kawai. Me zan yi?"

Ɗan'uwa, jabun batir na nan cike da kasuwa ban musa ba, amma daga yadda ka faɗa ina jin kai ka kashe shi da hannunka ba ka sani ba. Ɗauko biro mu yi lissafi. Batir mai bolt 12 da amfa 200, in ka buga su za ka samu 2400, wato wutar da ke cikinshi kenan in ya cika maƙil. To irin wannan batir ɗin na dalma, ko mai ruwa ne ko jel, ba a son a sha fiye da rabinshi, kenan 1200 ne naka, sauran rabin na ranshi ne. Firiza kuma tana jan kamar wat 150 in inji na gudu, kuma a butik mai kwano cikin wannan zafin, ana buɗewa ana rufewa kowane minti biyar, kana zuba mata ruwan zafi a leda ta mayar ƙanƙara, injin kusan ba ya hutawa. Wat 150 sau awa 10 ya zama 1500, ka riga ka wuce iyaka tun ba a sa kwan fitila da fanka da portabul goma da 'yan fada ke kawowa caji ba, ga kuma kombatiser da ke cin ushirinshi a hanya wajen juya wutar batir ta koma irin ta gida. Kullum dare kana tatse shi har ƙasa, da rana panno biyu ba sa iya cika shi saboda firizar na sha a lokaci guda, batir da ke kwana da yunwa kullum kuwa wata tara ma ya yi ƙoƙari.

Akwai wani butik da aka kira ni in duba kwanakin baya, na tarar an ajiye batir a ƙasan kanta jikin bangon kwano na yamma, wurin da rana ke duka daga azahar har la'asar sakaliya, an ɗora mishi kwalin taliya da buhun omo a kai, na sa hannu na ji shi da zafi kamar an sauke tukunya, gefenshi ya kumbura ya yi ciki kamar mai wata bakwai, bakin wayoyin duk sun yi farin gari, wayar da aka jawo daga panno kuwa irin siririyar nan ce ta fitila. Mai butik na ta tsine ma ɗan kasuwa, ni kuma na rasa ta ina zan fara. Batirin dalma a zafi 25 aka auna rayuwarshi, kuma duk ƙarin kamar 10 a kan haka yana raba kwanakinshi biyu, to ka auna wanda ke zaune a 45.

Panno ma haka. Mutane na ganin tunda ranarmu ta fi ta kowa to wuta za ta fi yawa, haske yake so ba zafi ba. Lambar da aka rubuta a bayanshi a zafi 25 aka gwada ta, a kan kwano cikin Afrilu jikinshi na kai 60 ko fiye, nan kaɗai ka yi asarar wajen kashi 14 cikin 100. Sai ƙura, lokacin hunturu in ka yi sati biyu ba ka goge ba sai ka rubuta sunanka da yatsa a kai. A goge da sassafe ko da yamma da tsumma mai laushi da ɗan ruwa, ba da tsakar rana ba a watsa ma gilashi mai zafi ruwan sanyi. A bar tazara tsakaninshi da kwano iska ta ratsa, a fuskantar da shi kudu a ɗan jingine kamar digiri 15, kuma inuwar reshen dogon yaro ɗaya ko ta eriyar tauraron ɗan'adam ta maƙwabci ta isa ta karya ƙarfin panno gaba ɗaya.

Maganar gurub, wato janareta. Wanda ya ga abin da ya faru daga Agusta 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli har sai Maris 2024 aka maido, ya san dalilin da ya sa kowa ya ruga neman abin dogaro, mu nan gabas layinmu ta Katsina da Gazawa yake shigowa, an datse can mun ji a jikinmu. Lokacin wasu suka sayi gurub wasu panno. Gurub arha ne ranar saye, yana tada firiza ba gardama, amma kullum sai ka ba shi esans, ƙarami ma yana shan wajen rabin lita zuwa lita a awa, ga canjin mai, ga buji, ga kabureta da ke toshewa in ka sa man kwalba mai datti, ga ƙara da za ta haɗa ka da maƙwabta. Ka lissafa ledar ƙanƙara nawa za ka sayar kafin ka biya lita ɗaya. Kuma wannan ba wasa nake ba, kar a taɓa shigar da gurub cikin butik ko zaure a rufe saboda tsoron ɓarayi, hayaƙinshi na da guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci.

Da ni ne kai, zan ƙara panno in rage dogaro da batir. Ka bar firiza ta yi aikinta da rana tun daga hantsi har la'asar lokacin da wuta ke zubowa kyauta, ka jera gorunan ruwa a ƙasanta su daskare su zama dutse, da dare ka kashe ta ka daina buɗewa ba dalili, kayan sayarwa ka kwashe na awa biyu uku ka sa a kula. Ƙanƙarar ita ce batirinka kuma ita ba ta kumbura. In hali ya samu nan gaba ka sayi litiyom, yana da tsada sosai amma ana shan kashi 80 zuwa 90 nashi ba ya jin komai kuma yana shekaru, sai dai ka saya wurin wanda ke da shago tsayayye da takardar garanti, ba wanda ya jera su a kan tebur ranar kasuwar Alhamis ba.

Ta uku, wani ɗalibi a Jami'ar André Salifou:

"Slm malam, forfe na sati nake saye amma kwana 2 ya ƙare kuma wlh karatu kawai nake da shi, anya kamfanin nan ba satar mega suke ba?"

Ƙanena, karatu kawai? To shi kenan na yarda. Shiga saitin portabul ɗinka wurin da yake nuna abin da kowace manhaja ta ci, ka ga ɓarawon da idonka, in ba TikTok ba ne a sama ka zo in biya ka. Bidiyo shi ke cinye mega, rubutu da bokal ba sa cin komai in aka kwatanta. WhatsApp kuma in ba ka hana shi ba duk bidiyon da aka jefa a gurup ɗin 'yan aji da na dangi da na unguwa sauke shi yake da kanshi ko ba ka buɗe ba, wa'azi ɗaya sau huɗu, ka je ka kashe saukewa da kai, ka sa Play Store kar ya sabunta komai sai da wifi. Wanda ya fi kama ɗalibai kuma shi ne haɗa ordinater da portabul, da Windows ya ji intanet sai ya fara jan sabuntawarshi a ɓoye, giga guda ta tafi kafin ka buɗe takarda ɗaya, akwai wurin da za ka gaya mishi wannan layin na awo ne sai ya kama kanshi. Littattafai da darussa ka sauke su sau ɗaya ka ajiye, ku riƙa tura ma juna ta Xender ko Bluetooth maimakon mutum arba'in kowa ya sauke abu ɗaya da kuɗinshi.

Ta huɗu daga wani tela, Zango:

"Ranka ya daɗe sallah na matsowa ɗinki yayi min yawa, yarana sunce in saida kekunan ƙafa in sayi na wuta irin na kamfani mai gudu, nikuma ina tsoron ranar da babu wuta mata su cinye ni ɗanye."

Maigida, tsoronka na kan hanya, kar ka sayar da keken ƙafa ko ɗaya. Keken wuta na gudu ba ƙarya, ɗinkin da za ka wuni a kai yaro zai gama kafin azahar, ɗinkin kuma ya fita a miƙe, amma daren jajiberi in aka ɗauke wuta mai keken ƙafa da fitilar goshi shi ne sarki. Ka ƙara ɗaya na wuta a kan waɗanda kake da su. Wurin saye kuma ka duba motar da ke ƙasan teburin, akwai tsohuwar iri mai kulos wadda da ka kunna take ta gurnani tana cin wuta ko kana ɗinki ko kana hira, akwai kuma sabuwa da ake ce ma sarbo, ita sai ka taka take ci, ba ƙara, kuma ita ce ƙaramin solar zai iya ɗauka. In kuɗin bai kai ba akwai 'yar ƙaramar mota ta wajen wat 100 da ake ɗaura ma keken ƙafa na gida, in wuta ta tafi ka maida bel ka ci gaba da taka abinka.

Dutsen guga na wuta kam kar ka kuskura ka sa shi a kan batir, wat 1000 da wani abu yake ja, na gawayi na nan bai yi maka laifin komai ba sai dai a kula da tartsatsi a kan shaddar mutane. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya, in za ka saya ka saya yanzu yara su saba da gudunshi a kan ƙyalle, dan na ga yaron da ya fara koyo a kan getzner ɗin wata Hajiya kwana uku kafin sallah, ba sai na ba ka ƙarshen labarin ba.

Ta biyar daga wani dattijo ɗan kasuwa a Kasuwar Dole, ɗanshi ne ya rubuta mishi:

"Baba yace a tambaye ka, shekara sama da 30 yana rubuta bashi da ajami a littafi bai taɓa ɓata ba, ni kuma nace ya koma rubutawa a waya kuma ya riƙa karɓar kuɗi ta waya saboda masu sari daga ƙauye, yace shi bai yarda da kuɗin da baya gani ba. Ka faɗa mishi gaskiya dan Allah."

Baba, ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma. Yaronka ya kawo ƙararka amma rabin shari'ar kai ka ci. Littafin nan kar ka bar shi. Littafi ba ya neman caji, ba ya cewa babu rezo, ba wanda zai fizge shi a kan moto ya kai kasuwa ya sayar, kuma in gardama ta tashi ka buɗe shafi mutum ya ga rubutun da aka yi a gabanshi shekara uku da suka wuce, wannan ya fi ƙarfin abin da kowa ya san ana iya gogewa da yatsa. Ni nan da ke ba mutane shawara na taɓa sa lissafin aikin wata huɗu a portabul, wa ya biya wa ya saura, ta zame daga aljihun gaba ta faɗa cikin bokitin alwala, mai gyara ya buɗe ya girgiza kai, har yau akwai mutum biyu da na san ina bin su amma ban san nawa ba, su kuma ba su tuna min ba. Amma littafi ma wuta na cin shi, ruwa da gara na cin shi, kuma gobarar kasuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. To ga inda yaron zai yi amfani, duk Alhamis in an tashi kasuwa ya ɗauki hoton shafukan da aka rubuta a satin ya tura ma kanshi ko ɗan'uwanshi, kai kana da littafinka shi yana da hoton.

Karɓar kuɗi ta waya kuwa Baba a nan yaron ya fi ka gaskiya. Mai sari daga Tanut ko Gure ko Magarya ba sai ya ɗauro kuɗi a lalita ya hau mota ba, ya je Nita ko Amana ko Al Izza na garinsu ya turo, kai kuma ka ɗora mishi kaya a tasha, an huta da kuɗin mota da fargabar hanya. Abin da ake biya shi ne kuɗin turawa, sai a yi magana tun farko wa zai ɗauka, kar a zo ana ɓata zumuncin shekara ashirin a kan dala ɗari. Sai kuma 'yan damfara, su ne babban abin. Za a turo maka saƙo kamar kuɗi sun shigo, sai wani ya kira yana kuka wai kuskure ya yi kuɗin maganin uwarshi ne ka maido, alhali ba abin da ya shigo. Ko a turo hoton rasit a WhatsApp a ce an biya, hoton rasit kuwa yaro ɗan sakandare na iya ƙera shi cikin minti biyar. Kar kaya su bar rumfa sai yaronka ya buɗe asusun da kanshi ya ga kuɗin a ciki, ko an je an karɓo su a hannu. Lambar sirri kuma ba a faɗa ma kowa, ko wanda ya kira ya ce daga kamfani yake, kamfani ba ya tambayarta. Kai kuma ɗan Baba, kar ka sa mishi 1234 ko shekarar haihuwa, kuma layin ya zama da sunan Baba aka yi rajistarshi ba da sunan wani abokinka da ya tafi Libiya ba, dan ranar da layin ya ɓata da takardar mai sunan ake maido shi.

Ta ƙarshe daga wata amarya, Karkada:

"An sa min gaz a kayan ɗaki amma tsoro nake ji ban taɓa kunnawa ba, uwar mijina kuma tace tuwon gaz baya daɗi gara gawayi. Wata 3 kenan tukunyar na bayan ƙofa."

Amarya kin sha ƙamshi. Ga matatar man fetur tun 2011 a nan kan hanyar Tanut tana fitar da gaz, ke kuma kin bar taki a bayan ƙofa kina fifita gawayi cikin wannan zafin, haba. Tsoron na da kyau in bai yi yawa ba. Warin nan da kike ji da gangan ake sa shi a ciki saboda a gane in yana yoyo, in kin ji shi kar ki kunna ashana kar ki taɓa makunnin fitila, ki rufe kan tukunya ki buɗe ƙofa da taga, kuma ki sani gaz ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa ba a ajiye shi a ɗakin kwana ko a ƙuryar da iska ba ta shiga. Duk ranar da aka sauyo tukunya ki kaɗa ruwan omo ki shafa a bakin da aka ɗaura, in ya yi kumfa yana tasowa to yana fita, a sake ɗaurawa ko a canza 'yar robar. Tukunya a tsaye kullum, ba a kwance ba, ba a rana ba. Ashana ake fara kunnawa sannan a murɗa, ba a murɗa a tafi neman ashana ba.

Maganar Inna kuma kar ki yi gardama da ita. Akwai ɗan abin da ta gano, ƙaramar tukunyar nan mai kilo 6 da ake ɗaura murhu a kanta ba ta son babbar tukunyar tuwo, wurin tuƙi da muciya sai ta yi ta rawa har ta iya kifewa, ga wutarta a tsakiya kawai take bugu sai gindin ya kama. To ki bar tuwon gidan da wake da duk abin da ke daɗewa a kan gawayi, shayin safe da kunun yara da ɗumame da miya da taliya ki yi a gaz, minti goma kin gama ba hayaƙi ba toka a ido. Ki samu wata maƙwabciya da ta saba ta tsaya kusa da ke ranar farko. Miyar kuma ki kai ma Inna ba tare da kin ce komai ba, in ta cinye ta yaba ki rubuto min.